Kurakuran da muke tafkawa wajen afdet ɗin kwamfuta

Jiya wani ɗalibi ya shigo shagona nan wajen Kofar Kaura da kwamfutar tebur a bayan mashin, wai ta ƙi tashi kuma furojet ɗinshi na ciki. Da na matsa mashi sai ya ce ai afdet take ta tsaya cak, shi kuma sauri yake sai ya danne maɓalli ya kashe ta. Wallahi wannan shi ne kuskuren da na fi gani kuma shi ya fi ƙona min rai, saboda lokacin nan tana cire tsofaffin fayilolin Windows ne tana sa sabbi, in ka katse ta ka bar ta ba tsohon ba sabon. In ta ce kar a kashe to a ƙyale ta ko awa biyu za ta yi. Kuma ta tebur ba ta da batir irin laftof, kar ka fara da wutar da ba ka san lokacin tafiyarta ba, ko UPS ko inbata ko janareto da isasshen mai. Afdet ɗin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ma ya fi haɗari, in aka ɗauke wuta ana cikin yi babban bod ɗin kwamfutar kan iya mutuwa.

Sai masu danna afdet ba su kwafe komai sun ajiye ba. A Oktoban 2018 afdet ɗin Windows 10 ya goge wa wasu mutane takardunsu har sai da Microsoft ta janye shi. Ka kwafe aikinka a filashi tukuna, sannan ka leƙa System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda take a baya in an samu matsala, don sau da yawa a kashe yake zuwa. Masu amfani da Linux Mint maimakon Windows ku ga Timeshift nan, shi ke yin irin wannan aikin.

Wasu kuma saboda data sai su toshe afdet gaba ɗaya, shekara biyu ba a taɓa ba. Na san data da tsada amma ku tuna muguwar manhajar nan WannaCry, a Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci har na asibitocin Ingila alhali tun Maris aka fitar da maganinta, ba a dai sa ba. Gara ka kunna Metered connection mai rage cin data, ko ka danna Pause wanda zai ɗaga maka ƙafa har sati biyar, kai ka zaɓi ranar da kanka. Microsoft na sakin gyararrakinta Talata ta biyu a kowane wata, ni nakan bari a kwana uku in ji ko akwai masu kuka sannan in yi ranar Lahadi da yamma, kuma kwamfuta ɗaya nake fara yi wa in gwada firinta kafin sauran. Ana gobe rajistar JAMB kuwa ba na taɓa komai.

In babban afdet ya ɓata maka abu kar ka ruga a yi maka fomat, akwai Go back a cikin Recovery mai mayar da kai tsohuwar Windows ɗinka, amma kwana 10 kawai gare ka, kuma in ka goge foldar Windows.old, inda tsohuwar Windows ɗin take, don neman fili shi ke nan hanyar ta toshe.

Ɗalibin nan dai sai da na ciro had dis ɗin kwamfutar na jona a wata kwamfutar kafin muka ga furojet ɗin, har babi na huɗu yana nan.