Kurakuran da ƙungiyoyin malamai masu koyar da adalci suka fi yi a Kaduna

Kusan duk farkon zango sai wasu malamai matasa sun same ni da magana guda: "Malam, mun haɗa ƙungiya, malaman sibik da soshiyal daga makarantu kaza, muna so mu koya wa yara adalci da haƙƙin ɗan Adam da zaman tare." Wallahi ina jin daɗi. Amma kafin zango na uku ko dai ƙungiyar ta watse, ko an kira ɗayansu ofishin firinsifal, in ka bi diddigi kuma sai ka tarar ramin da muka faɗa shekarun baya shi suka sake faɗawa. Na gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Haɗa kan masu koyarwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta yi da matan da ake kira jaji, masu kai karatu ƙauyuka wurin 'yan taru, wato matan da ke taruwa don karatu. Malam Aminu Kano ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Niyyar ba ta da aibi. Wajen aiki ake ɓata rawa da tsalle.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne fama tsohon miki a cikin aji ba tare da magani a hannu ba. Ba a daɗe da rikicin bayan zaɓen 2011 ba, na dawo daga wata bita kaina cike da cewa a bar yara su yi muhawara. Na shiga aji biyu na babbar sakandare, makarantar da Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya, na ɗauki alli na rubuta a allo: "Wa ke da laifi a rikicin Kaduna na 2000?" Na ce su rabu gida biyu. Ban ce kowa ya bi addininsa ba, amma kafin in ajiye allin haka suka rabu. Cikin minti goma na ji "ai ku kuka fara", na ji kalmar "arna", na ji wadda ta fi ta muni daga ɗaya ɓangaren. Wata yarinya ta kifa kai a tebur, ba ta ɗago ba har aka kaɗa ƙararrawa. Da aka tashi aka yi dambe a bakin ƙofar makaranta.

Washegari baffan yarinyar ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni, ya ce: "Malam, kai ka binne babanta ko ni?" Ashe a rikicin aka kashe uban tana ƙarama, suka bar gidansu na Tudun Wada suka tsallake kogi. Ban sani ba, domin ban tambaya ba. Akwai kuma yara maza biyu da ke cin abinci kwano ɗaya tun aji ɗaya, daga ranar ba su sake zama wuri guda ba har suka gama. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ba shiru nake nufi ba. Yaran Kaduna sun san rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, da na 2000, 2002 da 2011 tun kafin ka shiga aji, sai dai kowa rabin labarin ya ji a gidansu. Sun san dalilin da ya sa kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista, Rigasa da Kawo a wannan gefe, Sabon Tasha da Narayi a wancan. Abin da na koya shi ne jeri. Zango na farko gaba ɗaya ba na taɓa rikici. Ina farawa da rashin adalcin da ke hannunsu: wa ke share aji kullum, mata ne ko kowa? Wa ke samun benci, wa ke zama a ƙasa? In an je layin famfo, me ya sa manya ke tsallake ƙanana? A nan yaro ke koyon faɗin ra'ayi ba tare da zagi ba, kan abin da ba jini a cikinsa. Zango na biyu in kawo doka: sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko yadda aka haife shi, da sashe na 38 da ya hana tilasta wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba. In muka iso kan rikici a zango na uku, tambayata ta canza. Ina aikensu gida su tambayi manya: wa ya ɓoye maƙwabcinsa? Ba a taɓa dawowa hannu biyu ba. Sannan in ba su labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kasance a ɓangarori biyu masu gaba, Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwa, suka zo suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna a 1995.

Kuma wannan darasi ba na yin sa ni kaɗai. Ina ɗauko abokiyar aikina Kirista mu tsaya tare a gaban allo, bayan mun bi ta wurin malamin aji mun san wane yaro ne aka yi wa rashi. Wasu a ƙungiyarmu suna cewa wannan tsoro ne, wai ina ɓata zango biyu kafin in faɗi gaskiya. Su ba su zauna gaban baffan yarinyar nan ba.

Kuskure na biyu kuɗin zama ne, kuma a nan zan yi faɗa. Mun fara mu 12 a aji ɗaya ranar Asabar, kowa ya biya kuɗin motarsa, muna karo-karo mu sayi ruwa da ƙosai. Sai wata ƙungiya mai ba da tallafi ta ji labarinmu. Aka koma otal, abinci a leda, ambulan ɗin kuɗin mota, riga mai tambari. Nan take muka haura 60. Mutanen da ba su taɓa koyar da sibik ba suka bayyana, shugabannin makarantu suka fara turo 'yan gaban goshinsu, malamar da ke aikin a aji aka bar ta. Ku duba fa, ƙungiyar koyar da adalci, ana raba gurbi da wa-ka-sani! Da tallafin ya ƙare muka kira taro a tsohon ajinmu, mutum 7 suka zo. Abin da ya fi zafi, cikin na asali ma wasu sun ce ba za su fito ba sai in "akwai wani abu". Shekara biyu muka yi kafin mu farfaɗo.

Na san albashi ba ya kai wata. Na san halin da aka shiga bayan jarrabawar 2017, lokacin da gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 cikin 33,000 sun faɗi, aka sallame su. Ba na ganin laifin malamin da ke neman na cefane. Amma ya nema a wani wuri. Ku da kuke jera hotunan bita a Facebook da takardar shaida a hannu, ina tambayarku: ranar Litinin me ya canza a ajinku? Ƙa'idata yanzu ba ta da yawa. A aji muke taro. Tikitin shiga shi ne littafin shirin darasi da littattafan yara uku, mu ga abin da ka koyar a watan da ya wuce, har da wanda ya lalace. In tallafi ya zo, na kwafin takardu ne da kuɗin motar waɗanda suka taso daga nesa, kamar Kafanchan ko Birnin Gwari, kuma ana karanta lissafin a gaban kowa.

Sai kogin. Ƙungiyar da duk membobinta daga gefe ɗaya suke, majalisar shayi ce. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. Mu wata ɗaya muna arewacin gari, wata ɗaya kudanci, kuma ba ma sa taro da azahar ɗin Juma'a ko safiyar Lahadi. A koyi kiran mutane da sunan da suke kiran kansu: Atyap, Bajju, Ham, Adara, Gbagyi. Wata dattijuwar malama ce ta gyara mini wannan, ta ce: "Ɗana, ka iya sunayen ƙasashen Turai, namu ne zai gagare ka?" Haka kuma duk wanda ya bari ana kiran yaro Bafulatani ɗan bindiga a ajinsa, ko ana kiran Bahaushe "aboki" da reni, ya rufe littafin sibik ɗin kawai. Hedikwatar hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a Kaduna take, amma ƙungiyoyi nawa ne suka taɓa gayyatar malamin makarantar ruga, ko na Islamiyya da tsangaya?

Ƙananan kurakurai kuma suna da yawa. Kada ku kwaso darasin Amurka na baƙi da farare ku juye wa yaro a Zariya, tamu matsalar ta ɗan gari da baƙo ce da takardar shaidar asali. Kada ku fara komai firinsifal bai gani a rubuce ba, ku nuna masa inda batun yake a manhaja. Siyasar jam'iyya a bar ta a bakin ƙofa. Hoton almajiri ko yaro mai buƙata ta musamman ba kayan talla ba ne. Zauren WhatsApp da ya cika da bidiyon gawarwaki da "a tura wa mutum goma" a rufe shi. Kada mata su zama masu rubuta bayanin taro da raba abinci kawai. Kuma ba a koyar da mutuncin ɗan Adam da dorina a ɗaya hannun.

Akwai ɗaya da sababbi ba sa tunaninsa sam. Ranar da ka koya wa yara cewa suna da haƙƙi, wani zai yarda da kai. Za a tashi, aji ya watse, yarinya ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta, ta ce: "Malam, ina da magana." Za a cire ta a yi mata aure, ko wani babba a gida yana taɓa ta. In ba ka shirya ba, ko ka ruɗe ka kai maganar ofishin malamai ta zama abin hira, ko ka tafi gidansu kai kaɗai da zafin kai ka ƙara jefa ta cikin haɗari. Jihar Kaduna tana da dokar kula da kare yara ta 2018, akwai kuma cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, a asibitocin gwamnati na Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. Ni ba na shiga darasin haƙƙin yara sai lambar jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma tana bangon littafina, kuma na riga na yi magana da malama mace da za ta zauna da mu. Ba na yi wa yarinya alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ina gaya mata tun farko mutum nawa ne za su ji, da sunayensu, kafin ta buɗe baki.