Daga wata na huɗu zuwa na shida: yadda mai ciki za ta shirya wa haihuwa tun da sauran ƙarfi

Idan ciki ya shiga mako na 14, yawancin mata kan ji laulayi ya fara lafawa, amai ya ragu, abinci kuma ya fara zama. Wannan zango yana tafiya har ƙarshen mako na 27. Sauƙin da ake samu a cikinsa shi ne ke sa mata da yawa su jinkirta zuwa awo, wasu saboda kunyar cikin fari, wasu saboda babu inda ke musu ciwo. A ganina babu jinkirin da ya fi wannan tsada, domin kusan duk abin da ke kare uwa da jariri ranar naƙuda a waɗannan watanni ake yin sa.

Idan ba ki fara awo ba, ki je a makon nan, kada ki jira sai ciki ya fito. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma biyu daga ciki suna faɗowa ne a mako na 20 da na 26. Ki tabbata an auna hawan jininki a kowane zuwa, an duba fitsari da yawan jini, an kuma yi miki gwajin HIV da ciwon hanta. Ki nemi a rubuta rukunin jininki a katin awo, domin idan kina cikin masu jinin da ake kira nagetif, akwai allurar da za ki iya buƙata don kare cikin da zai biyo baya. Hoton ciki kuwa ya kamata a yi shi kafin mako na 24, saboda a lokacin ne ya fi nuna makonnin cikin daidai, da ko tagwaye ne, da wurin da mabiyiya ta kwanta.

Zazzaɓin cizon sauro ya cancanci kulawa ta musamman, domin yana iya ɓuya a mabiyiya yana shanye jinin uwa yana hana ɗa girma, alhali ita ba ta jin zazzaɓi ko kaɗan. Saboda haka ne ake bai wa mai ciki ƙwayoyin SP guda uku, waɗanda aka fi sani da Fansida, daga mako na 13 zuwa sama, ta sha a gaban malamar asibiti, a maimaita bayan aƙalla wata guda, har a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Ki haɗa wannan da kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, har da daren zafi. Allurar rigakafin tetanus ma a nan ake yin ta, kuma idan ba a taɓa yi miki ba, biyu za ki karɓa, tsakaninsu mako 4.

Maganin ƙarin jini da ake ba ki a awo ki sha shi kullum. Yana iya baƙanta bayan gida ko ya taurara shi, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Ki ƙara shan ruwa da cin ganye. Kada ki kora shi da shayi, domin shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin da ke cikin maganin, lemu ko gwaiba kuwa na taimakawa. Kwaɗon zogale, miyar alayyafo, wake, ƙwai, kifi da nama duk abinci ne na gina jini, kuma ba sai mai hali ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, har da maganin zaƙi da iyaye ke bayarwa da kyakkyawar niyya, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya kafin ki kai baki.

Tsakanin mako na 16 da na 24 za ki fara jin motsi, mai cikin fari kan ji shi a makare fiye da wadda ta taɓa haihuwa. Ciwon baya, ƙwannafi da ɗaurewar ƙafa da dare abubuwa ne da aka saba. Amma zubar jini kowane iri, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, ko zubar ruwa, ba a kwana da su a gida. Ciwon kai da kumburi bayan mako na 20 na iya zama alamar hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, kuma ba ya jiran ranar awo.

Sai shirin haihuwa, wanda a nan ne maigida yake da babban aiki. Ku zauna tun yanzu ku tsayar da asibitin da za a haihu, ku tabbatar yana karɓar haihuwa da dare, ku san mai mota ko mai adaidaita da za a kira ƙarfe biyun dare, ku kuma fara ajiye kuɗi ko da ta hanyar adashi ne. Ya kamata maigida ya ba da izini a fili, a gaban mutanen gida, cewa idan matsala ta taso ba ya nan a tafi asibiti ba tare da an neme shi ba. A kuma nemi mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyayenki, ki tafi da katinki, ki ci gaba da awo a asibitin da ke kusa da can.

Kayan jariri ba sa buƙatar wahala: zannuwa masu laushi da aka wanke, hula, 'yan riguna, audugar mata da sabulu, a jaka ɗaya. Ki sa maganin cibiya na chlorhexidine a ciki, wanda ake shafawa a cibiyar jariri maimakon toka, man goge baki ko gashi da tsumma, ki tambayi ungozoma yadda ake shafa shi a awonki na gaba.