Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa wajen zaɓen inda za su je musayar karatu

Da zarar an buɗe neman gurbin musayar ɗalibai, wayata ba ta sake hutawa. "Yaya, Faransa ko Jamus?" "Malam, an ce Italiya ta fi daɗin zama, gaskiya ne?" Da wuya in ji wanda zai ce min ga kwas ɗin da yake son ɗauka a can. Kowa ƙasa yake tambaya, kamar yawon buɗe ido za shi. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta.

Abin da ake mantawa shi ne, musaya ba canjin makaranta ba ce. Zango ɗaya ko biyu za ka yi ka dawo, kuma jami'arka ta gida ce za ta ba ka digiri. Shirin da ya fi shahara, wato Erasmus+ na Tarayyar Turai, yana ɗaukar ɗalibai daga Afirka, amma sai zuwa jami'ar da taku ta ƙulla yarjejeniya da ita. Saboda haka kafin ka fara mafarkin wani birni, je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na makarantarku ka ga jerin da ke hannunsu. Wanda ba ya ciki, cire shi daga ranka.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ni kaina ya ci min shekara guda cur.

Ina aji uku aka ba ni zaɓi tsakanin Barcelona da wani ƙaramin gari a Poland da ko sunansa ban iya faɗa ba. Ai kun san abin da na zaɓa, kuma kun san dalili: ƙwallo. Na leƙa shafin jami'ar sama-sama, na ga kwasa-kwasai da Turanci, na kwafi biyar na cike takarda, shugaban sashenmu ya sa hannu a tsaye yana sauri zai shiga taro. Sai da na isa na gane biyu daga ciki na masu digiri na biyu ne, ɗaya kuma sai zangon bazara ake koyar da shi, ni kuwa na je a zangon kaka. Waɗanda aka musanya min da su, ranar farko malama ta shigo ta fara bayani, na kasa kunne da ɗan Sifaniyancin da na koya a waya, ban tsinci komai ba. Na taɓa na kusa da ni, ya yi dariya ya ce ai wannan Katalanci ne. Ban ma san garin yana da nasa harshen ba.

A tsarin Turai, zango ɗaya cikakke maki 30 ne na ECTS, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ka ci, shekara kuma 60. Na dawo da 12. Cikin 12 ɗin ma, jami'in jarrabawar sashenmu ya ɗaga takardar, ya gyara tabarau, ya ce kwas ɗaya bai yi daidai da komai a manhajarmu ba. Kwasa-kwasan dole guda uku da na bari a gida suna nan suna jirana. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa, ni ina zaune a aji da ƙannen bayana. Wasa ɗaya tak na kalla a filin, daga can ƙololuwa inda 'yan wasa suke kamar tururuwa.

To ku saurara, domin a nan ne nake jin haushinku. Kuna da intanet a hannu dare da rana, amma buɗe kundin kwasa-kwasai na minti talatin ya gagare ku. Ni abin da nake sa duk wanda ya zo wurina ya yi, ko yana so ko ba ya so: ya buga bayanin kowane kwas a takarda, ya ja layi ƙarƙashin abu uku, harshen koyarwa, zangon da ake yin sa, da matakin digirin. Sannan ya ajiye shi kusa da kwas ɗin gida da zai maye gurbinsa, ya kai wa jami'in jarrabawa, ba shugaban sashe kaɗai ba, domin shi ne zai shigar da sakamakon. Yarjejeniyar karatu mutum uku ke sa mata hannu, kai da jami'arka da mai karɓarka, amma sa hannun da aka yi ba a karanta ba ba ya kare kowa. Ka zaɓi kwas takwas ko da biyar kake bukata, don dole ka rasa wani daga ciki. Wasu na cewa na cika tsanani. Su ba su maimaita aji ba.

Ka kuma tambayi yadda za a juya makinka. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen ci. Ka dawo da 1.3 ka miƙa wa wanda bai sani ba, sai ya ɗauka faɗuwa ka yi. Italiya bisa 30 suke bayarwa, 18 ne ci, kuma jarrabawa da yawa ta baka ce, kai da malami ido da ido.

Kuskure na biyu, kuɗi. Mutum ya ji Yuro 850 a wata, ya buga a Naira ko Sefa, sai ya fara yi wa 'yan gida alkawari. Tallafin da ake ba wanda ya zo daga wajen Turai yana tsakanin Yuro 800 zuwa 900 ne, gwargwadon ƙasa. Lura da kyau, ratar duka Yuro ɗari ce, alhali kuɗin ɗaki a Dublin ko Amsterdam yana iya ninka na wani gari a Poland ko Romaniya sau biyu ko fiye. A Holan abin ya kai wasu jami'o'i sun fito fili sun gaya wa baƙin ɗalibai kada su taho in ba su sami ɗaki ba. Wanda ya tafi garin nan na Poland da na raina, a ɗakin kwanan ɗalibai ya zauna, ya dawo da kwamfuta sabuwa da canji. Ni kuwa fiye da rabin kuɗina haya ta cinye, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon bango, makon ƙarshe na kowane wata taliya da man zaitun. Tambayata ta farko yanzu ita ce: jami'ar tana ba ɗan musaya ɗaki, ko cewa take ka nema da kanka? In na biyun ne a babban birni, ni dai ba na ba da shawarar zuwa. Ka kuma riƙe kuɗin wata guda naka na kanka, don tallafin ba lallai ya shigo ranar da ka sauka ba, mai gida kuma sai ya karɓi kuɗin ajiya kafin ya ba ka makulli.

Kalanda ma tana kayar da mutane. Finland da Sweden suna fara zango tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, Jamus kuwa sai Oktoba, darussa su kai Fabrairu. Namu kuma kun san halinsa, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ɗora kalandar biyu a kan juna ka gani, kada tafiyar zango ɗaya ta haɗiye maka biyu.

Sauran ƙanana ne. Bizar Schengen, wato ta ziyara da ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, kwana 90 ce, ba ta isa zango, ta dogon zama ake nema, kuma ka tabbatar ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja ko Legas ko Yamai kafin ka so ta. Matsayin jami'a a jerin duniya bai dame ni ba a tafiyar wata biyar. Ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci ya daina wahalar da kansa, Faransa da kudancin Beljiyam suna nan. Masallaci da mahaucin halal, duba taswira, minti biyu ne. Zuwa inda abokinka ya tafi don kawai yana can, wannan ba ma sai na ce komai ba.

Sanyi kuma kada ka ce ka saba da hunturun Kano ko na Jos. Ba sanyin ne ma ya fi karya mutum ba, duhun ne. A Helsinki cikin Disamba hasken rana kusan awa shida ne kawai, a Tromsø ta Norway kuwa rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Wata ƙanwata da ta je can arewa ta kira ni ƙarfe uku na rana agogonsu, muryarta a dashe, tana tambaya ko la'asar za ta yi ko magariba.