Yadda Za Ka Duba Sabon Samfurin Gold Wing Kafin Ka Kawo Shi Hanyoyinmu

Tun da kamfanin Honda ya sake fasalin babban babur ɗinsa Gold Wing a 2018, masu hawansa suka rabu gida biyu. Wasu na yabon cewa ya rage ƙiba da kusan kilo 40, yana shan kwana ba gardama, gaba kuma ya daina jijjiga hannu saboda an canza tsarin shokozobarsa. Tsofaffin hannu kuwa gunaguni suke yi: tankin da a da yake cin lita 25 ya koma 21, akwatunan kaya sun tsuke daga wajen lita 150 zuwa 110, na baya ma ba ya jin daɗin zama kamar da. Kamfanin ya ji korafin, a 2021 ya faɗaɗa akwatin baya daga lita 50 zuwa 61, ya gyara wurin jinginar fasinja.

Duka ɓangarorin suna da gaskiya, sai dai a titunan Amurka da Turai suke magana. Ni aikina gyaran babur ne a nan gefen Gumel, Boxer da Jincheng su ne abincina, manya irin wannan sai jefi-jefi idan wani Alhaji ya shigo da tokumbo. Abin da nake faɗa wa mai son saye shi ne ya ajiye yabon Turawa gefe, ya auna babur ɗin da hanyar ƙofar gidansa.

Fara da shekara. Kada ka tsaya ga bakin dillali, duba lambar shasi. A wanda ya fito daga Amurka, harafi na goma shi ne shekara: J 2018, K 2019, L 2020, M 2021. Idan kana yawan goyon mutum ko ɗaukar kaya, nemi daga M zuwa sama. Lambar nan kuma ta zo daidai da ta takardun kwastan, in ba haka ba a shingen farko za ka fara bayani.

Sai nauyi. Wannan da ake cewa ya rame, mai akwatin baya ya kai wajen kilo 380, wato ya fi Boxer uku a haɗe. Kafin a tayar da injin, hau ka ɗaga shi daga jingine, ka tabbata tafin ƙafarka biyu sun taka ƙasa. Kujerar ba ta da tsayi, santimita 74 da rabi ce, kuma injin mai silinda shida a kwance yake can ƙasa, shi ya sa a kan kwalta ba ka jin nauyin. A cikin yashi labari ya sha bamban. Da tayar gaba ta nutse, kan babur ya karkata, babu ƙafar da za ta tare shi. Idan tsakanin titi da gidanka akwai rairayi ko da na taku ɗari ne, je ka taka shi da ƙafa tukuna, ka kuma tuna yadda wurin yake zama a watan Agusta.

Yanzu durƙusa ka leƙa cikinsa da fitilar waya. Tsakanin ƙasa da cikin babur ɗin santimita 13 ne kacal. Tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa da kansu a bakin kasuwa, wasu sun fi haka tsayi. Nemi karce a ƙasan injin da salansa, shafa da yatsa ka ga ko akwai danshin baƙin mai. Karce mara zurfi ba komai, kusan kowanne yana da shi. Tsagewa ko alamar walda kuwa, ka yi sallama ka tafi. Idan ka saya, ka saba hawa tudun nan a karkace, a hankali, fasinja ya sauka in ya yi tsayi.

Giya iri biyu ce: ta hannu mai shida, da mai canza kanta mai bakwai da suke kira DCT, wadda ba ta da hannun kulochi sam. A kan wannan ta biyu aka fi musu. Masu doguwar tafiya sun ce ba za su koma ba. Masu sukarta sun ce a tafiyar hawainiya, inda mutum ya saba lallaɓa kulochi, tana ɗan fizga. Gwada ta da safe injin na da sanyi. Ja a hankali kamar kana ratsa cunkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ƙafarka a kan birkin baya, ka ji ko tana shiga lami lafiya. Danna maɓallin da ke sa shi tafiya da kansa gaba da baya a saurin taku, don wannan ne zai fitar da kai daga zaure ba tare da ka kira samari ba. Ja birkin ajiyewa ka gani ko yana riƙewa, tunda irin wannan ba a barinsa cikin giya. A ganina, mai zama nesa da Kano ya fi samun kwanciyar hankali da giya ta hannu. Ba don ɗayar ba ta da ƙarko ba, sai don ranar da ta nuna fitila a allo, kwamfuta take buƙata, ba sifana ba.

Gilashin gaba da lantarki yake hawa da sauka, gwada shi har ƙarshe. Makullin na aljihu ne, ba a zura shi, saboda haka ka nemi na biyu tun a wurin ciniki.

Abin da ya fi ci wa masu shi tuwo a ƙwarya a nan shi ne taya da ƙura. Tayar baya 200/55 ce a kan rim 16, ta gaba 130/70 a kan 18, duka marasa tub. Mai facin bakin tasha zai iya toshe hudar ƙusa, amma sabuwa sai an aika Kano ko Legas, wani lokacin a jira. Duba lambobi huɗu na gefen taya, biyun ƙarshe su ne shekarar da aka yi ta. Mai shekara shida ko bakwai ka cire kuɗinta daga farashi ko da zanenta bai goge ba. Matatar iska kuwa an binne ta ƙarƙashin robobin gaba, kwance su kaɗai aikin sa'o'i ne, ga shi hazon hunturu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Tambayi yaushe aka canza ta. Mai DCT matatar baƙin mai biyu gare shi, kada yaron shago ya canza ɗaya ya ce an gama. Daɗinsa dai babu cen da za ka riƙa ja kana shafa wa mai, shaf ne ke juya tayar baya.

Batun tanki bai dame ni kamar yadda ya dami Turawa ba. A lissafin kamfanin lita ɗaya tana kai kusan kilomita 18, ka ga cikin tanki zai kai ka Kano ya dawo da kai Gumel. Ingancin man ne abin tsoro. Injin allura ne ba kafireto ba, man galan na 'yan bumburutu mai ruwa ko datti zai toshe shi, famfon man kuma yana cikin tanki. Cika a gidan man da ka yarda da shi kafin ka bar babban titi, kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata.