Yadda ake hasashen narkewar ƙwayar magani da hasken NIR

A gwajin narkewa da aka saba, ana jefa ƙwaya shida, kowacce a tulunta mai ruwan gwaji mililita 900 a zafin digiri 37, filafili yana juyawa sau 50 ko 75 a minti, ana ɗibar ruwan lokaci-lokaci ana aunawa. Kafin sakamako ya fito, injin da ba ya tsayawa ya riga ya buga dubban ƙwayoyi. Shi ya sa masana'antun da ke sarrafa magani ba yankewa, irin tsarin da hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince wa kamfanin Vertex da shi a 2015 kan maganin Orkambi, suke neman hanyar gane ingancin ƙwaya tun tana fitowa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a haska ƙwaya da hasken NIR, a gina tsarin lissafi da zai yi hasashen narkewarta daga abin da hasken ya nuna.

Abu na farko: hasken NIR, wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 780 zuwa 2500, ba ya auna narkewa. Abubuwan da ke jawo ta yake gani, wato yawan sinadarin magani, danshi, da yadda aka matse garin. Duk abin da ba ka sassauya ba a ƙwayoyin koyarwa, wato waɗanda za ka gina lissafin da su, tsarin lissafinka ba zai taɓa gane shi ba.

Don haka a nan aikin yake. Buga ƙwayoyi da gangan a yanayi daban-daban: sauya ƙarfin matsi, yawan sinadari sama da ƙasa da ƙa'ida, saurin injin gauraya, da adadin magniziyam sitiyaret, sinadarin da ke hana gari mannewa a inji. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba da wahala. Kaɗan ake zubawa, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma in gaurayawa ta yi yawa sai ya lulluɓe garin ya hana ruwa shiga, narkewa ta yi jinkiri, hasken kuma da ƙyar yake nuna shi. Yi amfani da kayan haɗi daga rukuni fiye da ɗaya, wato waɗanda aka kawo a lokuta daban-daban.

Haska kowace ƙwaya, sannan ka narkar da ita ɗin nan, ba 'yar'uwarta ba. Hasken da ya ratsa ƙwaya ya fi wanda ya dawo daga fuskarta ba da labarin cikinta. Ka tsayar da lokaci guda tsakanin bugawa da haskawa, domin ƙwaya tana ɗan kumbura bayan ta bar injin.

Wajen tace bayanai ake yawan yin ɓarna. Hanyar SNV, wata dabarar lissafi ta tace bayanan haske, tana share bambancin warwatsuwar haske, alhali a cikinsa taurin ƙwaya yake ɓoye. In ka tace sosai, ka zubar da abin da kake nema. Gwada da tacewa, gwada babu, kuma ka saka ƙarfin matsi da girman ƙwayoyin garin sinadari cikin lissafin kai tsaye.

Daga nan gina tsarin PLS, lissafin da ke danganta bayanan haske da sakamakon narkewa, ko dai ya hasashi kashin da ya narke a kowane lokaci, ko ma'aunan lanƙwasar Weibull, wato layin lissafi da ke zana yadda narkewa ke tafiya da lokaci. Jarraba shi da ƙwayoyin wani bugu da bai taɓa gani ba. Ƙimar f2, mai kwatanta lanƙwasar hasashe da ta gwajin tulu, in ta kai 50 zuwa 100 tana nufin lanƙwasa biyun sun yi kama, sai dai kada ka dogara da ita kaɗai. Duba kuskuren a mintin da ƙa'ida ta ce a auna narkewa kafin a saki magani zuwa kasuwa.

Bayan an fara aiki, sa ido kan danshi, wanda hasken ke nunawa a kusa da nanomita 1940, da tsufan fitilar na'ura, da sauyin mai kawo kaya. In ma'aunin Hotelling, mai auna nisan ƙwaya daga ƙwayoyin koyarwa, ya nuna ƙwaya ta fita daga abin da tsarin ya sani, a ware abin da aka buga a wannan tsakanin, a koma ga gwajin tulu.