Yadda za ka zaɓi laftof ta zane

Da farko dai duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da laftof ke aiki da ita, in bai kai giga 8 ba kar ma ka tsaya ciniki, 16 ne daidai don manhajar Photoshop akwai ci. Kuma ta zama mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri.

Na biyu sikirin, nan ake yin kitso da kwarkwata. Nemi irin sikirin da ake kira IPS, ka karkata shi ka ga ko kala za ta canza, ni na taɓa zana ja, da aka buga sai ga ruwan goro wallahi.

In ta hannu za ka saya a Beirut Road ta Kano, zare caja ka zauna minti 20 ka ga yadda batir ke sauka, ka san halin wutarmu.

Sai allon zane da ake jonawa da laftof, ƙarami na kamfanin Huion ko Wacom mara sikirin ya ishi ɗan koyo. Ka sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce.