Ga ɗalibanmu da suka sauka Maraɗi: rajistar taron kimiyyar teku ta intanet

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Katsina ya zo karatu Maraɗi yakan ɗauka cewa taron masana teku ba nasa ba ne, tunda Nijar ba ta da gaɓar ruwa. Ni ban yarda da haka ba, domin damshin da ke kawo mana damina daga Tekun Atlantika yake tasowa, kuma ɗumin ruwan can yana da hannu a yawan abin da zai gangaro Gulbin Maraɗi har ya cika tafkin Madarunfa. Babban taron Ocean Sciences Meeting, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, an gudanar da na 2022 gaba ɗayansa ta intanet, kuma har yanzu akwai tarukan da mutum zai halarta yana zaune a ɗakinsa.

Wurin cike fom ake fara tuntuɓe. A jerin ƙasashe sunan Nijar yana dab da na Najeriya, kuma hannun ɗan Najeriya ya saba danna na gida. Ka dakata ka karanta ƙa'idar taron tukuna, saboda masu shirya taruka da yawa suna yin rangwame bisa rabe-raben Bankin Duniya, inda Nijar take cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, Najeriya kuwa tana mataki na gaba. Idan ƙasar makarantarka suke tambaya, ba ta fasfo ba, to Nijar ce amsar gaskiya, sai ka ɗauki hoton katinka na ɗalibi ka ajiye don shaida. In kuɗin ya fi ƙarfinka duk da haka, ka rubuta musu da wuri ka nemi sassauci, babu abin kunya a ciki.

Sai batun biya. Hanyoyin tura kuɗi irin su Nita da Amana da Airtel Money suna biyan bukata a cikin gari, amma irin waɗannan shafuka katin Visa ko Mastercard suka fi karɓa. Idan da yuro aka sa farashin lissafi yana da sauƙi, domin yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato yuro 100 ya kama jaka sittin da biyar da ɗoriya (kusan sefa 65,600), ban da cajin banki. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, don haka ka zuba fiye da abin da aka nema.

Ni kaina na taɓa kaiwa matakin ƙarshe, sai banki ya tura lambar tabbatarwa zuwa layina na Najeriya, wanda ba ya kamawa a unguwar da nake. Kafin in gyara, wa'adin farashin masu sammako ya wuce, na biya da tsada. Saboda haka ka gwada katinka da layinka mako guda kafin ranar rufewa, ka kuma sani cewa kuɗin miƙa taƙaitaccen bincike sau da yawa daban yake da na rajista. Rasit ɗin da za su aiko maka ta imel ka buga shi a takarda, domin shi sashenku zai nema idan akwai maganar mayar maka da kuɗi.